Yadda ɗaliban Kunci suka haɗa manhaja da hannunsu kafin batir ya mutu

Da misalin ƙarfe goma na safiyar wata Asabar ta hunturu muka shiga garin Kunci, bayan mun bi hanyar Katsina mun wuce Dawanau da Bichi, sannan muka ratse ta cikin gonakin da aka gama girbin gero da dawa, babu abin da ya rage sai karare a tsaye. A jakarmu akwai tsohuwar kwamfutar cinya guda ɗaya da muka saya ta hannu, wadda batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi, da kuma filashi mai ɗauke da wani fayil da bai kai megabait 3 ba. Alƙawarin da muka yi wa malamin kwamfuta na wata makarantar sakandare da ke yankin shi ne, kafin batirin nan ya mutu, ɗalibansa za su haɗa manhaja da hannunsu, irin wadda ke aiki a cikin miliyoyin na'urori a duniya.

Kunci na arewacin Jihar Kano, kuma ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar da gwamnatin jiha ta sauya wa suna zuwa Ghari. Ƙidayar 2006 ta nuna yankin na da mutum kimanin 111,000, mafi yawansu manoma. 'Ya'yan waɗannan manoma jarrabawa ɗaya suke rubutawa da 'ya'yan birni, kuma tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. Malamin da ya gayyace mu ya shaida mana cewa yawancin darussansa a allo yake yin su da alli: ya zana kwamfuta, ya sa wa sassanta suna, ɗalibai su kwafa su haddace. Wasu daga cikinsu sai a ɗakin jarrabawa suke fara ɗora yatsa a kan madannai, hannu na rawa.

Ɗalibai goma sha huɗu ne suka zo, maza tara da mata biyar, daga aji huɗu zuwa aji shida. Babu wuta a makarantar ranar, kuma ba mu tayar da janareta ba. Muka ɗora kwamfutar a teburin malam, kowa ya ja benci ya matso. Batir yana kan kashi 100.

Mece ce BusyBox?

Manhajar da muka zaɓa sunanta BusyBox. Kafin mu bayyana ta, sai mun fara da abin da ake kira baƙin allo. Yawancinku kun saba da taɓa hoto a waya ko danna linzamin kwamfuta. Akwai wata hanyar ba kwamfuta umarni wadda ta girmi wannan, wato ka rubuta abin da kake so da haruffa, ka danna Enter, ta amsa maka da rubutu. A tsarin Linux idan ka rubuta ls za ta jero maka fayilolin da ke jakar da kake ciki, cp na kwafar fayil, mv na matsar da shi, date na faɗin kwanan wata da lokaci, grep kuma na nemo kalma a cikin dogon rubutu. A babbar kwamfuta kowane ɗaya daga cikin waɗannan umarnai manhaja ce mai zaman kanta, kuma idan aka tara su suna cin wuri.

A 1995 wani Ba'amurke mai suna Bruce Perens ya so ya cusa duk kayan da ake buƙata don girka tsarin Debian da ceto shi idan ya lalace a cikin faifan fulofi guda ɗaya. Faifan nan megabait 1.44 kawai yake ɗauka, wato bai kai girman hoto ɗaya mai kyau da wayarku ke ɗauka a yau ba. Dabarar da ya yi ita ce ya narkar da umarnan duka su zama fayil ɗaya, su riƙa amfani da sassa guda a tsakaninsu maimakon kowa ya ɗauki nasa. Daga baya Erik Andersen ya riƙe aikin, sai Rob Landley, sannan Denys Vlasenko wanda ya karɓa a 2006. A yau fayil ɗin nan guda yana yin aikin umarnai sama da 300.

Wani ɗalibi ya tambaya yadda fayil ɗaya zai san aikin da ake nema a wurinsa. Muka ce ya duba ƙauyensu: akwai mutumin da idan an kira shi ladan ya san lokacin kiran salla ne, idan an ce dillali ya san maganar awaki ce a kasuwar Shuwaki, idan an ce baba ya san 'ya'yansa ne ke neman kuɗin makaranta. Mutum ɗaya ne, sunan da aka kira shi da shi ne ke gaya masa aikin. Haka BusyBox take. Abu na farko da take dubawa idan an tashe ta shi ne sunan da aka kira ta da shi. Aka kira ta ls, sai ta jero fayiloli. Aka kira ta date, sai ta faɗi lokaci.

Saboda ƙanƙantarta ne kamfanoni ke sa ta a cikin na'urorin da ba su da wuri da yawa: rautar intanet, akwatin talabijin, kyamarar tsaro da makamantansu. Tsarin OpenWrt da ake sa wa rauta da tsarin Alpine Linux da manyan kamfanonin intanet ke amfani da shi duk a kanta suka dogara. Ko Ubuntu, idan ta kasa tashi ta tsaya a baƙin allo, sau da yawa BusyBox ce ke tarbar mai gyara.

Gero da tuwo

Manhajar da kuke saukewa a waya tamkar tuwon sayarwa ce: an riga an tuƙa, an kwashe, naku ci ne kawai, ba ku san me aka zuba a ciki ba, ba kuma za ku iya rage gishirin miyar ba. Abin da muka kawo a filashi kuwa gero ne a dami. Shi ake kira tushen manhaja, wato rubutun da mutane suka yi da hannu a harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1970. Mutum na iya karanta wannan rubutu ya gyara shi, amma kwamfuta ba ta jin sa kai tsaye, sai an juya mata shi zuwa harshen injinta na sifili da ɗaya.

Mai wannan juyi wata manhaja ce da za mu kira tafinta. Wanda muka yi amfani da shi sunansa GCC, na ƙungiyar GNU da Richard Stallman ya kafa, kuma ya fara fitowa a 1987. Sai kuma wata manhajar mai suna make, wadda ke matsayin uwar gida a ranar biki: ita ta san abin da za a fara surfawa, abin da za a niƙa, da abin da sai an jira wani ya nuna kafin a zuba shi. Aikin gaba ɗaya mataki uku ne: zaɓi, haɗawa, girkawa.

Shirin da muka yi tun daga Kano

Duk wanda zai gwada wannan a inda sabis ke wahala, ya yi abin da muka yi: ya gama duk abin da ke buƙatar data tun yana inda sabis ke da ƙarfi. Kwamfutarmu na ɗauke da Lubuntu 24.04, wani nau'in Ubuntu mara nauyi da ya dace da tsofaffin na'urori. Tun a Kano muka sauke tafinta da sauran kayan aiki da umarni ɗaya:

sudo apt install build-essential libncurses-dev bzip2

Wannan ne ya fi cin data. Sannan muka sauke tushen BusyBox mai lamba 1.36.1, wanda ya fito a watan Mayun 2023, daga busybox.net. Muka kuma gwada shi da umarnin sha256sum, wanda ke fitar da wata doguwar lamba da ake kwatantawa da wadda masu manhajar suka wallafa. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, to fayil ɗin ya lalace a hanya ko an taɓa shi, sai a sake saukewa. Daga nan ba a ƙara buƙatar intanet ba har ƙarshen aikin.

Mataki na farko: zaɓi

Doka ɗaya muka kafa a ajin: mu ba za mu taɓa madannai ba, ɗalibai ne za su rubuta komai, kowa ya yi layi ɗaya ya ba na kusa da shi. Na farkon ya ɗauki kusan minti biyu yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya kafin ya gama wannan:

tar xjf busybox-1.36.1.tar.bz2

Umarnin ya kwance ƙunshin, kamar a kwance bakin buhu. Na biyu ya rubuta cd busybox-1.36.1 ya shiga cikin jakar, sannan ls. Jakunkuna suka bayyana: coreutils, editors, networking, shell da sauransu. Muka sa suka buɗe fayil ɗin coreutils/echo.c suka ga rubutun da idonsu. Ba su fahimci yawancinsa ba, amma sun gane if da while daga darasin da malam ya taɓa rubuta musu a allo, kuma nan take ajin ya ɗauki hayaniya. Gani ya kori ji.

Sai zaɓi. BusyBox ba ta tilasta maka ɗaukar duk umarnanta. Mai haɗa rauta zai zaɓi na sadarwa ya bar sauran, mai haɗa faifan ceto zai zaɓi na gyaran faifai. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce:

make defconfig

Wannan na rubuta wani ɓoyayyen fayil mai suna .config, wanda ke ɗauke da jerin zaɓin da masu manhajar suka ga ya dace da yawancin mutane. Akwai kuma make allnoconfig, wanda ke kashe komai ya bar ka ka kunna abin da kake so ɗaya bayan ɗaya. Da shi ake samun mafi ƙanƙantar fayil. Don gyara zaɓin sai a rubuta:

make menuconfig

Wani shuɗin allo ya fito da jerin sassa. Ana yawo a cikinsa da maɓallan kibiya, Y na kunna abu, N na kashe shi. Abu ɗaya muka sa su canza: a ƙarƙashin Settings suka kunna layin da ya fara da Build static binary. Ga ma'anarsa. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda take kamar baƙon da ya zo hannu rabbana, ya dogara da mai masauki ya ba shi tabarma da buta da abinci; ita wannan ƙarama ce, amma idan ta je kwamfutar da babu waɗannan kayan aro, ba za ta tashi ba. Akwai kuma wadda ke tafe da guzurinta a ka, ta fi nauyi, amma duk inda ta sauka za ta kwana lafiya. Mu ta biyun muke so, domin a iya ɗaukarta a filashi a kai wata kwamfutar. Suka adana suka fita. Batir ya sauko kashi 71.

Mataki na biyu: tafinta ya tsaya

Wata ɗaliba 'yar aji biyar ce layi ya zo kanta. Ta rubuta:

make -j2

Lambar 2 na nufin a raba aikin gida biyu a lokaci guda, tunda injin kwamfutarmu ƙwaƙwalwa biyu gare shi. Rubutu ya fara gudu a allo, kowane layi na farawa da CC sai sunan fayil, alamar tafinta ya gama da wannan ya shiga na gaba. Fankar kwamfutar ta fara kuka. Ɗalibai na ƙoƙarin karanta sunayen kafin su wuce.

Can sai gudun ya tsaya, allo ya cika da jan rubutu, kalmar error ta fito sau da yawa. Aji ya yi tsit. Yarinyar ta janye hannunta daga madannai kamar ta taɓa garwashi.

"Malam, na ƙona ta ne?" in ji ta.

Malamin ya dube mu, mu kuma muka ce babu abin da ya ƙone, kuma ba za mu faɗi abin da ya faru ba, su nemo da kansu. Gaskiyar magana, mun san za a yi haka, domin mun ci karo da shi a Kano, kuma da gangan muka bar shi. Shawara ɗaya muka ba su: kada su karanta daga ƙasa, su koma sama su nemo layin farko da ya ce error, domin sauran duk 'ya'yansa ne.

Ita ɗin ce dai ta gano shi. Layin ya fara da networking/tc.c, sai wata kalma TCA_CBQ_MAX, sai undeclared. Muka tambaye su me suka fahimta. Wani ya ce fayil ɗin da matsalar take sunansa tc, kuma yana cikin jakar sadarwa. Wata ta ce kalmar ƙarshen na nufin ba a bayyana abin ba, wato tafinta ya ci karo da sunan da ba wanda ya gaya masa ma'anarsa. Duka biyun daidai ne.

Ga asalin labarin. Umarnin tc na tsara yadda ake rabon hanyar intanet tsakanin masu amfani. CBQ wata tsohuwar dabarar rabon ce da masu kula da Linux suka daina amfani da ita, suka kuma share sunayenta daga Linux mai lamba 6.8 da ya fito a watan Maris na 2024. BusyBox ɗinmu ta girmi wannan canji da wata goma, don haka tana nan tana tambayar abin da aka riga aka cire. Kamar a aiki yaro kasuwa wurin wata rumfa, ya je ya tarar an rushe ta tun bara. Laifin ba na yaron ba ne, ba kuma na mai rubuta umarnin a ajinmu ba.

Mafita fa? Wani ɗan aji shida ya ce tunda mu muke zaɓi, kuma ba ma buƙatar tc, a cire shi mana. Suka koma make menuconfig, suka shiga Networking Utilities, suka gangara har tc, suka danna N, suka adana. Da aka sake rubuta make -j2, sai suka lura ba ta koma farko ba. Manhajar make na duba abin da aka riga aka gama ta tsallake shi. Bayan 'yan mintuna kalmar LINK ta fito, rubutu ya tsaya, babu ja ko ɗaya. Batir yana kashi 44.

Idan akwai darasi ɗaya da muke so mai karatu ya ɗauka daga wannan shafi, to wannan ne. Saƙon kuskure wasiƙa ce kwamfuta ta rubuto maka, tana faɗin fayil ɗin da ta tsaya, da lambar layin, da abin da ta rasa. Yawancin masu koyo rufe ta suke yi ba su karanta ba, su ce abin ya fi ƙarfinsu. Masu wannan sana'a a Kano da Legas da Bangalor kusan kullum a kan irin wannan jan rubutu suke yini, kuma wanda ya iya karanta shi cikin natsuwa ya riga ya kama hanya.

Gwaji

Suka rubuta ls -lh busybox, sai ga fayil ɗaya da bai kai megabait 3 ba. Sannan:

./busybox --list | wc -l

Umarnin farko na jero sunayen duk abin da ta iya, na biyun na ƙirga layukan, sandar da ke tsakaninsu kuma na miƙa amsar na farko ga na biyu. Amsar ta kusa 400. Daga nan layi ya watse, kowa na son gwada nasa. Wani ya rubuta ./busybox cal ya ga kalandar wata. Wata ta rubuta ./busybox echo sai sunan ƙauyensu, kwamfuta ta maimaita mata. Wani mai son lissafi ya ba ./busybox factor lambar 2310, ta warware masa ita zuwa 2 da 3 da 5 da 7 da 11 kafin ya ɗauke yatsa.

Mataki na uku: girkawa, da inda haɗari yake

A nan ne muka kusa yin asara. Wani ɗalibi mai kaifin kai, wanda ya taɓa zama a shagon gyaran waya na yayansa a kasuwar Farm Centre a Kano, ya ce ai ya san yadda ake girka abu, sai an sa sudo a gaba an kai shi can cikin uwar jaka. Har ya fara rubutawa muka riƙe hannunsa.

Dalili kuwa shi ne, girka BusyBox na nufin a ajiye fayil ɗin guda, sannan a ƙirƙiri ɗaruruwan alamomi masu nuni zuwa gare shi, kowace da sunan umarni ɗaya: ls, cp, mv, har da init, wadda ita ce manhajar farko da ke tashi idan an kunna kwamfuta. Idan aka zuba waɗannan a uwar jakar kwamfutar da ke aiki, za su danne na asali masu irin sunayensu, kuma tana iya ƙin tashi daidai daga ranar. A makarantar da kwamfuta ɗaya ce tak mai rai, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Kalmar sudo na nufin ka ba umarni da ikon mai gida, kwamfuta ba za ta yi maka gardama ba ko da rushe ta ka ce a yi. Kada ku taɓa rubuta ta a gaban umarnin da ba ku san aikinsa ba.

Hanya mai lafiya ita ce a rubuta make install kawai, ba tare da sudo ba. Masu BusyBox sun tsara ta yadda za ta zuba komai a wata jaka mai suna _install a cikin jakar aikin, ba ta taɓa sauran kwamfutar ba. Suka yi haka, suka rubuta ls -l _install/bin, sai ga jerin sunaye, kowane da kibiya a gabansa mai nuni zuwa busybox. Ɗalibin da ya yi tambayar ladan da dillali ya yi dariya, ya ce ga sunayen can, ga kuma mutumin ɗaya.

Masu haɗa rauta wannan jakar suke ɗauka, su haɗa ta da ƙwayar Linux, su rubuta a cikin na'urar. Abu ɗaya ya kamata a sani: fayil ɗin da muka haɗa na injin kwamfutarmu ne, zai yi aiki a wata kwamfutar Linux mai irin injin, amma ba zai tashi a waya ba, domin wayoyi injin ARM suke amfani da shi, harshensa daban. Don haɗa wa waya ko rauta sai an nemo tafintan da ke juyawa zuwa wancan harshen. Kuma idan kun kwafo fayil ɗin daga filashi ya ƙi tashi, ku rubuta chmod +x busybox, wato ku ba shi izinin aiki.

Abin da za a yi da ita ranar Litinin

Batir ya kai kashi 19, malam ya yi tambayar da ta dace: to yanzu me wannan zai amfana wa makaranta? A cikin umarnan da yaran suka haɗa akwai httpd, wanda ke mayar da kwamfuta mai rarraba shafuka, irin aikin da manyan injinan intanet ke yi. Malam ya kunna hosfot na wayarsa, ya bar data a kashe, muka haɗa kwamfutar da wayoyinmu biyu a kai. Ɗalibai suka rubuta:

mkdir ~/shafi

echo "Barka da zuwa Kunci" > ~/shafi/index.html

./busybox httpd -f -p 8080 -h ~/shafi

Kafin layin ƙarshe sun duba lambar adireshin kwamfutar da ./busybox ip addr. Muka rubuta lambar a burauzar waya, muka ƙara :8080 a ƙarshe. Kalmomi huɗun nan suka fito a fuskar wayar, aka riƙa miƙa ta daga hannu zuwa hannu har bencin baya. Ba a kashe ko kwabo na data ba. Duk takardar darasi ko tambayoyin gwaji da malam ya zuba a wannan jaka, ya sa sunayensu a shafin farko, duk wayar da ke kan hosfot ɗin za ta iya saukewa. Muna cikin bayanin yadda ake sa sunayen ne allo ya yi baƙi. Batir ya cika alƙawarinsa, awa ɗaya da minti ashirin da wani abu.

Me ya sa kyauta ce?

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya, bayan an fito, wata ɗaliba ta tambaya ko ba sata muka yi ba, tunda ba mu biya kowa ba. BusyBox na ƙarƙashin lasisin GPL kashi na 2, wanda ya ba kowa damar saukewa, karantawa, gyarawa, har da sayarwa, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ka ba manhajar, dole ka ba shi damar samun tushenta, har da gyaran da ka yi. Sharaɗin nan ba wasa ba ne. A 2007 masu BusyBox sun kai wani kamfani kotu a Amurka saboda ya sa ta a kayansa ya ɓoye tushen, kuma a watan Disambar 2009 aka shigar da ƙarar kamfanoni 14 a lokaci guda, ciki har da Samsung. Wannan doka ce ta sa yaro a Kunci ke da haƙƙin buɗe fayil ɗin da injiniya a Jamus ke buɗewa.

Akwai ƙanwar BusyBox mai suna Toybox, wadda Rob Landley ya fara a 2006 bisa dabara iri ɗaya. Tun daga Android 6.0 da ta fito a 2015, ita ce ke cikin wayoyin Android. Ke nan wayar Tecno ko Itel da ke aljihun yayanku na ɗauke da irin wannan akwatin kayan aiki. Mai son gani ya sa manhajar Termux, ya rubuta /system/bin/toybox, jerin umarnan zai fito.

Linus Torvalds ɗalibi ne mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan lokacin da ya fara rubuta Linux a 1991, a kan kwamfutar da tsohuwar tamu ta ninka ta ƙarfi sau ɗaruruwa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, wanda ke nufin tsofaffin kwamfutoci da yawa za su koma kwandon shara ko kasuwar kayan hannu, alhali Linux na tafiya a kansu lafiya lau. Idan akwai irinsu a kulle a ofishin shugaban makarantarku ƙura na cin su, ku nemi malaminku ku je ku yi sallama cikin ladabi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mun bar wa malam filashin, da takarda ɗaya mai ɗauke da umarnan a jere. Yarinyar da ta gano kuskuren tc ta kwafe su a bayan littafinta na lissafi, ta kuma tambaye mu ko akwai wani fayil ɗin C mai gajarta da za ta fara karantawa. Muka ce ta fara da coreutils/yes.c, wanda bai cika shafi biyu ba. Malam ya ce zai kai kwamfutar makaranta wurin mai cajin sola a bakin kasuwa daren Lahadi, domin 'yan aji huɗu su yi nasu ranar Litinin, kuma wannan karon 'yan aji biyar ne za su koyar.

Idan kun gwada a makarantarku, ku rubuto mana abin da ya faru, musamman idan tafinta ya tsaya. Ku kwafo mana layin farko na jan rubutun harafi da harafi, da sunan tsarin da ke kwamfutarku, za mu duba shi tare a wannan shafi.